Me za mu kira "régulateur de croissance" da Hausa?

Jama'a, a taimaka mini. Jiya a Jiratawa wani manomi ya tare ni da kwalba a hannu, rai a ɓace. Kwana uku ke nan da ya yi feshi, tsutsa na nan tana kiwonta a kan kabeji, wai ruwa aka sayar masa. Na duba takardar: diflubenzuron, ɗaya daga cikin magungunan ƙwari da ake kira "régulateur de croissance" da Faransanci, wato masu dagula girman ƙwaro. Ba jabu ba ne, haka aikinsa yake. Ba ya kisa nan take. Sai tsutsa ta zo sauya fata, sabuwar ta ƙi yin ƙwari, ta mutu a nan. Na ce masa "maganin ƙwari ne mai jinkiri", ni kaina ban gamsu ba.

— Malam, ai "hana-girma" ya isa. Gajere ne, kowa zai riƙe.

— Ƙanena, ka taɓa jin mai sayar da magani ya ce wa manomi "ga hana-girma"? Zai ɗauka shukarsa ce za ta tsumbure, ya bar maka kayanka.

— Ni dai "hana-saɓa" nake gani, 'ya'yana. Duk wanda ya taɓa tsintar saɓar maciji a gindin rumbu ya san zancen. Fara ma tana saɓa kusan sau biyar kafin ta yi fiffike, shi ya sa ake fesa irin wannan a kan 'ya'yanta masu tsalle. Wadda ta riga ta tashi sama, ta fi ƙarfinsa.

— Baba, akwai gyara. Pyriproxyfen da ake sa wa wasu gidajen sauro shi ma irin wannan magani ne, amma ba fata yake taɓawa ba, ƙwai yake hana wa ƙyanƙyasa, ya hana tsutsa balaga.

Gaskiyarka, wannan sai mu ce masa "hana-balaga". Amma na kwalbar jiya, na bi Baba. Abin da ya ja ni shi ne sunan da kansa yana gargaɗi: ƙwari da danginsu masu saɓa suna cikin haɗari, ba mai cin kabeji kaɗai ba. Ƙananan halittun tabki da kifi ke ci suna saɓa, haka tsutsar ƙwarin da ke cinye mana ɗarɓa. Maganin kuma yakan yi makonni a kan ganye.

Gobe zan koma wurin mutumin in ce masa hana-saɓa ya saya, ya ƙara haƙuri 'yan kwanaki, kada kuma ya wanke famfon feshinsa a Gulbi.