Neman shawara: tambarin sarautar Ingila a takardar kakanmu ya goge

Ɗan Autan Gida: Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna gyaran ɗakin marigayi kakanmu sai muka tsinci takardarsa ta soja, ta zamanin yaƙin Bama, a ƙasan adaka. Gara ta ci gefe, damshi kuma ya shafe tambarin da ke sama, kan zaki da rabin garkuwa kaɗai suka rage. Baba ya ce in zana tambarin a allo mu rataya kusa da ita. Na duba intanet na ga iri-iri har kaina ya ɗaure. Wanne zan bi, da waɗanne launuka?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan tsoho. Garkuwar gida huɗu ce. Na farko da na huɗu, wato na sama ta hagunka da na ƙasa ta damanka, ja ne, kowanne da zakuna uku ruwan zinare, na Ingila ke nan. Gida na biyu, na sama ta damanka, ruwan zinare ne da jan zaki a miƙe, na Sikotilan. Na uku shuɗi, da abin kiɗa mai tsirkiya da yawa, na Ayalan. Haka take tun hawan Sarauniya Biktoriya a 1837, don haka duk wadda ka gani da furannin Faransa a ciki ka wuce ta, an cire su tun 1801. Zaki mai kambi na riƙe da garkuwar ta hagunka, farin doki mai ƙaho ɗaya, da sarƙa a wuya, ta damanka. Dokin ya shigo ne a 1603, da sarkin Sikotilan ya gaji sarautar Ingila.

Mai Fenti: Ƙanena, kula da maganar dama da hagu. Masu wannan ilmi daga wajen mai riƙe da garkuwa suke lissafi, to in ka karanta "zaki a dama", hagunka ake nufi. Ni ma na taɓa juya wani tambari haka, sai da na kankare allo guda. In kuma ka ga doki da kambi a mazaunin zaki, wannan samfurin Sikotilan ne, ba naka ba.

Ɗan Autan Gida: Na gode. Rubutun fa?

Malamin Tarihi: Faransanci ne duka. A ƙasa "Dieu et mon droit", wato Allah da haƙƙina. A shuɗiyar ɗamarar da ta kewaye garkuwa "Honi soit qui mal y pense", kunya ga mai mugun zato. Sai kambi: kakanku a ƙarƙashin Sarki Joji na Shida ya yi aiki, nemi mai zagayayyen sama. Mai lotsawa a tsakiya na zamanin Sarauniya Elizabet ta Biyu ne.

Anti Babba: Ɗana, zanenka daban, takarda daban. Kada biro ya taɓa ta, kada kuma a kai ta injin leda mai zafi. Ka ɗauki hotonta tukuna, sannan a sa ta a firam nesa da rana.