Abin da zumuntar mata ta tsayar kan hatsin godiyar kaka

A zamanmu na wannan makon mun tattauna yadda za a raba hatsin da aka kawo ikkilisiya ranar godiyar kaka.

Kowa ta yarda a fara da gwauraye da marayu, amma a bi su har gida. Wata mama cikinmu ta ce mai bukata ta gaske ba ta ɗaga hannu a gaban jama'a, sai kin shiga gidanta ki tarar murhu ya yi sanyi, yara na lasar ƙanzo. Don haka a daina kiran sunaye daga bagade, a daina ɗaukar hoto ana sawa a Facebook. Matiyu 6:3 ya ce kada hannun hagu ya san abin da na dama ke yi.

An daɗe a kan lokacin rabo. Da kaka kowa na da abin sawa a baki. Yunwa tana shigowa ne a Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, farashin mudu ya tashi. Sai aka ce a ajiye rabin masarar har tsakiyar damina. Ni dai wannan shawarar ce ta fi kwanta mini a rai.

Maƙwabtanmu Musulmi masu bukata ma suna cikin rabon, don Galatiyawa 6:10 ta ce a kyautata wa kowa.

Za a zaɓi mata amintattu su riƙe makullin ɗakin ajiya da littafin lissafi, kamar yadda aka zaɓi mutum bakwai don rabon gwauraye a Ayyukan Manzanni sura 6.