Yarona ya cika shekara 12, ya rataye hular kwano

Baban Yara, Liyon:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don abin yana neman zama rigimar kowace safiya a gidana. A Liyon muke zaune, nan Faransa. Babban ɗana da keke yake zuwa makaranta, tafiyar kamar minti 15. Tun watan Maris na 2017 doka a nan ta wajabta wa duk yaron da bai kai shekara 12 ba sa hular kwano, ko shi ke tuƙi ko goya shi aka yi, kuma babban da ke tare da shi ake ci tarar yuro 135.

To, makon jiya yaron nan ya cika 12. Washegari sai ga hular rataye a bayan ƙofa. Na yi magana, ya ce, "Abba, ai doka ta sallame ni." Na ce ni ban sallame ka ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kai ma ai ba ka sawa." Wallahi sai na rasa ta cewa, don gaskiyarsa ce. Tun ina yaro a Maraɗi nake hawa keke, ban taɓa ɗora kwano a kaina ba.

Uwarsa ta ce ko ya sa ko a kulle keken. Ni kuma tsorona kar ya fita da ita a ka, ya sha kwana ya jefa ta jaka. Da gaske ɗan soson da ke cikin hular nan yana tare wani abu, ko kwantar da hankalin iyaye ne kawai? Sannan wasu iyayen unguwa suna tara sa hannu a nemi a wajabta ta ga kowa, babba da yaro. Takardar tana kan teburina, ban sa hannu ba tukuna.

Anti Nas:
Wa alaikumus salam, Baban Yara. Yana tarewa, sosai ma. Na yi shekaru a sashen gaggawa. Karayar hannu a ɗaure ta warke, amma jini ya taru cikin ƙoƙon kai, sai dai Allah ya kyauta. Aikin soson shi ne ya murƙushe a madadin kan, ya shanye ƙarfin dukan kafin ya kai ga ƙwaƙwalwa. A 2016 Jake Olivier da Prudence Creighton na wata jami'a a Sidni sun haɗa bincike 40, na masu keke sama da 64,000 da suka yi haɗari. Sun samu hula na rage yiwuwar raunin kai da kashi 51 cikin 100, mummunan rauni kuwa da kashi 69. Maman yaron ta fi ka gaskiya, ka yi haƙuri.

Kawu Mai Faci:
Anti ta faɗi gaskiya, amma a san iyakar abu. Gwajin da ake wa hulunan nan a Turai shi ne a sako ta daga tsayin kamar mita 1.5, gudun da bai kai kilomita 20 a awa ba. Wato an yi ta ne don wanda ya faɗi da kansa: tayarsa ta shiga ramin layin jirgin cikin gari, ko ya ja birkin gaba da ƙarfi ya tuntsura, ko kansa ya bugi dakalin titi. Ba a yi ta don tirela ba. To amma ɗan shekara 12, wace faɗuwa ya fi yi? Irin waccan ɗin dai.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake sa ta. Za ka ga yaro ya tura ta ƙeya kamar ɗankwalin amarya, goshi a waje, igiya na lilo a ƙarƙashin haɓa. Wannan da babu duk ɗaya. Ta zauna daidai, tsakaninta da gira yatsa biyu, igiyar kuma yatsa ɗaya kawai zai shiga. Ka leƙa cikinta ka ga alamar CE da lambar EN 1078, shaidar ta cika ƙa'idar gwajin Turai. In ta taɓa shan duka sau ɗaya a yar, ko da ba a ga tsaga ba, shi ya sa ba na ba kowa shawarar sayen ta hannu. Ka duba birkinsa da fitilarsa ma, ɗana.

Ɗalibi a Melbon:
Yaya, kan takardar nan zan yi magana, don ina zaune inda aka fara. Jihar Biktoriya ce ta wajabta wa kowa a Yulin 1990, zuwa 1992 duk Ostareliya ta bi, makwabciyarta Niyu Zilan ta bi a 1994. Raunin kai ya ragu, amma ƙidayar da aka yi a tituna ta nuna masu hawan ma sun ragu, musamman matasa sa'annin ɗanka. Har yau masana suna ja-in-ja kan nawa ne aikin hula, nawa ne na waɗanda suka ajiye keke. Kekunan haya na gwamnati da aka zuba a Melbon a 2010 ba su yi kasuwa ba, har hular dalar Ostareliya 5 aka riƙa sayarwa don jawo mutane, a 2019 aka rufe shirin. Wa zai fito gida da kwano a hannu don wataƙila zai hau keke? Ni kullum ina sawa, ko ba doka zan sa. Sa hannu kuwa, da ni ne ba zan yi ba.

Bakano:
Ku tuna Janairun 2009 da hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta ce dole 'yan acaɓa su sa hular kwano. Da idona na ga mai ƙwarya a ka, an huda ta an zura igiya. Wani robar fenti ya kifa. Doka ta ce a rufe kai, an rufe.

Maman Biyu, Holan:
Bakano ka ba ni dariya. Baban Yara, mu nan kekuna sun fi mutane yawa, ba dokar hula, kuma da wuya ka ga mai zuwa aiki da ita. Duk da haka muna cikin ƙasashen da hawa keke ya fi aminci. A 1971 mutum sama da 3,000 suka mutu a titunan ƙasar nan, fiye da 400 yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga, kuma abin da suka nema a raba hanyar keke da ta mota, a rage gudu cikin unguwanni. In iyayen unguwarku na da ƙarfin tara sa hannu, su nemi a gyara mararrabar gaban makaranta. Amma kar ka ce na ce a cire wa yaro hula. Liyon ba Holan ba ce.

Anti Nas:
Yauwa, gara da kika ƙara wannan. Kuma tun da yaron a Faransa ya tashi, ya san tseren keke. A ba shi labarin Andrei Kivilev, wanda ya faɗi a tseren Paris-Nice a Maris 2003 ba hula a kansa, ya rasu washegari. Bayan rasuwarsa aka wajabta wa ƙwararrun 'yan tsere hula. Ya duba Tour de France ya nuna maka mutum ɗaya da kai a buɗe.

Baban Yara, Liyon:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya Asabar muka je shago. Ashe tsohuwar ta matse shi, ga zanen kifaye a jikinta, abokansa na yi masa dariya, shi ne bai faɗa ba. Ya zaɓi baƙa marar ado. Ni ma na sayi tawa, ya tsaya yana gyara mini igiya yana ƙirga yatsu yadda Kawu ya ce. Takardar na mayar ba sa hannu, na ce in za a rubuta ta mararraba a kawo mini. Saura tambaya ɗaya ga Kawu: ranar Juma'a in zan tafi masallaci, hulata ta saƙa a ƙarƙashin kwanon zan sa ta, ko a aljihu?

Kawu Mai Faci:
A aljihu. In ka isa ka sauya.