Da me ake auna tasirin mai bincike kan numfashin jarirai?

Ɗalibar Jinya, Mabera:
Assalamu alaikum. An ba mu aiki mu zaɓi masani ɗaya a fannin numfashin jarirai mu bayyana tasirin bincikensa. Shin yawan maƙalun da ya wallafa ake ƙirgawa, ko yawan waɗanda suka ambace shi? Kuma wa ya kamata a duba? Manya a taimaka.

Likitan Yara, Gawon Nama:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ƙirga ambato yana da amfaninsa, amma tambayar farko ita ce: me ya canja a gefen gadon jaririn?

Ɗauki Mary Ellen Avery. A 1959 ita da Jere Mead suka nuna cewa huhun bakwainin da ya mutu da wahalar numfashi ba shi da safaktan, wato sinadarin da ke hana 'yan jakunkunan iska mannewa bayan an fitar da numfashi. Ba ta kawo magani ba, ta dai gano dalili. Sai a 1980 Tetsuro Fujiwara a Japan ya zuba safaktan ta maƙoshin jarirai 10 ya ga numfashinsu ya gyaru. Shekara 21 tsakani. Da an auna ta da abin da ya biyo baya cikin shekara biyar, da an ce aikin ɗakin gwaji ne kawai.

Graham Liggins ya fi ban mamaki. Tumaki yake nazari a New Zealand, ya lura 'yan tumakin da aka haifa kafin lokaci suna iya numfashi idan sun samu sinadarin kotisol tun suna ciki. Shi da Ross Howie suka gwada allurar magani mai irin aikin kotisol a mata 282 masu shirin haihuwa kafin lokaci, suka wallafa a 1972. Likitoci da yawa suka yi ta jan ƙafa har 1994, lokacin da hukumar lafiya ta Amurka ta NIH ta ce a riƙa yi.

Ungozoma, Runjin Sambo:
Likita ya yi daidai, amma a ƙara wannan, don a nan ake tuntuɓe. Allurar dexamethasone, wato irin wannan magani da ake yi wa mai ciki, miligiram 6 ce a tsoka, duk bayan awa 12, sau huɗu. An yi babban gwaji da aka wallafa a 2015, inda aka baza ta har ƙananan wuraren haihuwa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, sai mutuwar jarirai ta ɗan ƙaru, zargin kamuwa da cuta ga iyaye mata ma ya ƙaru. Da yawan waɗanda aka yi wa allurar cikinsu ya riga ya isa haihuwa, lissafin wata ne ya kuskure.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake gwaji a asibitoci 29 na ƙasashe biyar, har da Najeriya, mata 2,852, aka fitar a 2020. Wannan karon sai an tabbatar da satin ciki da sikanin, daga sati 26 zuwa ƙasa da 34, ba alamar cuta ga uwa, kuma akwai ɗakin kula da bakwaini. Mutuwar jarirai ta zama kashi 19.6 cikin ɗari maimakon 23.5 a ɓangaren da ba a ba maganin ba. Magani ɗaya, sakamako biyu. To mace ta zo daga ƙauye ba katin awo, ta ce “cikin ya kusa wata bakwai”, wannan ba lissafin da za a ɗora allura a kai ba ne.

Injiniyan Na'urorin Asibiti, Arkilla:
Malama, in kina son na gida, duba Farfesa Hippolite Amadi, wanda ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2023 kan na'urorin taimakon numfashin jarirai masu sauƙin kuɗi da ke iya aiki da hasken rana.

Tushen irin wannan na'ura shi ne CPAP, wato riƙe matsin iska a huhun jariri ba yankewa, wanda George Gregory ya bayyana a 1971. Irinta mai kumfa ba ta da wuyar fahimta. Iska mai gauraye da oksijin tana bi ta 'yan bututun hanci, ƙarshen tiyon fita yana nutse cikin gorar ruwa. Zurfin santimita 5 shi ne matsi 5. Idan kumfa ta tsaya, iska na zurarewa: ko bakin jaririn a buɗe yake, ko bututun hancin ya yi masa kaɗan, ko wani mahaɗi ya kwance. In ruwan ya ragu, matsin ya ragu ba wanda ya sani, kuma da zafin Sakkwato a watan Afrilu sai an riƙa duba layin ruwan kowane canjin aiki. Da hunturu kuwa ƙura ke toshe matatar injin oksijin, a wanke ta a shanya ta bushe sarai kafin a mayar.

Babban kuskure shi ne jona tiyo kai tsaye da tukunyar oksijin ba sirki da iska. Zallar oksijin tana lalata idon bakwaini har ta kai ga makanta. A riƙe awon oksijin na jini tsakanin kashi 90 da 95 cikin ɗari. A kuma sa siririn tiyo ta baki zuwa tumbi a bar shi buɗe, in ba haka ba ciki ya kumbura ya danne huhu.

Ɗalibar Jinya, Mabera:
Allah ya saka da alheri. Liggins zan ɗauka, in haɗa da gwajin 2015 da na 2020. Yaya Ungozoma, in an fara allurar sai naƙuda ta zo kafin a cika huɗun, a tsaya ke nan?

Ungozoma, Runjin Sambo:
Da zarar ta haihu an tsaya, don ta mahaifa maganin ke kai wa jariri. Amma kada tsoron rashin cikawa ya hana farawa, ko ta farkon ma tana da amfani.