Me ya sa 'yan majalisar Kano 40 ne alhali ƙananan hukumomi 44 ne?

ɗan_kurna:
Salamu alaikum jama'a. Jiya musu ya kaure a majalisarmu ta ƙofar gida, wani ya rantse kowace ƙaramar hukuma tana da ɗan majalisar jiha nata, ni kuma na san kujeru 40 ne a majalisar dokokin Kano, to ina sauran huɗun suka shiga? Sannan don Allah wai kwana nawa doka ta ce su zauna a shekara, don ni dai kullum na kunna rediyo sai in ji sun tafi hutu.

Malam Na-Gwale:
Wa alaikumus salam. Kai ke da gaskiya ɗan uwa. Sashe na 91 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kujerun majalisar jiha kada su gaza 24 kuma kada su wuce 40, shi ya sa Kano da Legas duk yawan jama'arsu a 40 suka tsaya, Kaduna da Katsina 34, Jigawa 30, su Zamfara da Yobe 24. Da aka zo Kano sai aka haɗe wasu biyu-biyu: Rimin Gado da Tofa, Bagwai da Shanono, Kura da Garun Malam, sai Kunchi da Tsanyawa. Ka ga huɗun naka kenan.

Zama kuwa sashe na 104 ya ce aƙalla kwana 181 a shekara. Wa'adi shekara huɗu ne kuma daga ranar zaman farko ake ƙirgawa ba daga ranar zaɓe ba, ita majalisa ta goma a watan Yunin 2023 aka ƙaddamar da ita, suka zaɓi Jibrin Ismail Falgore na Rogo ya zama kakaki.

uwar_khadija:
Hmm Malam 181 a takarda ko? Ni fa na taɓa raka wata ƙungiyar mata mu kai koke, muka hau benen 'yan kallo tun ƙarfe goma, sai wajen sha biyu aka shigo da sandar majalisa, aka yi addu'a aka karanta wasiƙa ɗaya, wani ya tashi da ƙudirin a gyara titin garinsu kowa ya ce ya amince, kafin in gama gyara mayafi an buga guduma an ɗage zama sai mako mai zuwa. Kujeru da yawa ba kowa wallahi. Amma ran da suke so ai sauri gare su, dokar masarautu ta 2019 cikin 'yan kwanaki aka gama ta, a watan Mayun 2024 ma haka aka soke ta kamar ƙiftawar ido.

Malam Na-Gwale:
Hajiya ai kashi ɗaya cikin uku ne kawai ake buƙata zama ya halatta, a Kano mutum 14 sun isa. Sai dai sashe na 109 ya ce wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku na kwanakin zama a shekara ba uzuri, kujerarsa ta faɗi. Matsalar kakaki ne zai ayyana hakan, shi kuma kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar za su iya tsige shi, to wa zai taɓo wa kansa tsuliyar dodo.

ɗan_kurna:
Allah ya saka da alheri Malam, yau da daddare zan je in karɓi kuɗin shayina gun mutumin nan. Amma shi wanda ke wakiltar Bagwai da Shanono albashi biyu yake ɗauka ko ɗaya? 😂

uwar_khadija:
Ɗaya ne, amma masu zuwa ƙofar gidansa da safe na gari biyu ne.