Neman shawara: kwikwiyona yana zama a inda ake so ya tsaya

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman masu kiwon karnuka a nan Accra. Ina da kwikwiyo ɗan wata bakwai, jinsin Boerboel na Afirka ta Kudu, wanda nake kiwo a gidanmu da ke Madina domin tsaro, ina kuma fatan shigar da shi gasar nuna karnuka.

Na sa shi a azuzuwan horo guda biyu, na biyayya da na gasa, kuma koyarwarsu ta ci karo. A ajin biyayya an koya masa ya riƙa tafiya a hagu da ni, da zarar na tsaya shi kuma ya zauna ba sai an ce masa ba. A filin gasa kuwa ana so ya tsaya cak a kan ƙafafunsa huɗu, na baya a ɗan miƙe, kai a ɗage, har alƙali ya duba haƙoransa ya shafa bayansa. Yanzu da na ja birki sai ya zauna yana kallon hannuna, yana jiran guntun hantar da na saba ba shi lada, kuma a ganina ba shi da laifi.

Wani mai horarwa ya ce in ware wa kowane aji abin wuyansa, mai faɗi na biyayya, siririyar igiya ta gasa. Na gwada, amma har yanzu bai bambance ba.

Shin in dakatar da koyar da zama har tsayuwar ta kama jikinsa, ko in ci gaba da duka biyun da kalmomin umarni daban? Don Allah wanda ya taɓa haɗa su ya ba ni shawara.