Gumin Auta ne ko gayya ce? Muhawarar ƴan fadarmu ta Tawa kan sayar da mod

Auta: Assalamu alaikum ƴan fada. Wata 8 ke nan ina juya zancen mutanen ƙauyen Riverwood na wasan kwamfuta Skyrim zuwa Hausa, a cikin wasan na kuma ƙera takobi irin na Buzaye da rawani na sa a wurin maƙerin ƙauyen. Forfe nawa na ƙone a kai, Allah kaɗai ya sani. Ina so in zuba aikin a kile in riƙa sayarwa sefa 500. Jiya Yaya ya ce bai dace ba. Ni kuwa na ce duk wanda ya yi gumi a kan mod, wato gyara ko ƙarin da mutum ya yi wa wasa da kansa, yana da haƙƙin sayar da abinsa.

Mai Sibar: Wa alaikumus salam. Na faɗa, kuma ina nan kan bakana. Ba raina aikin na yi ba, ƙanena. Ran da muka gwada shi, Hausa ta fito a ƙasan allo, yaran da ke buga ƙwallo a ɗayan injin tashi suka yi suka kewaye mu, ɗaya yana karantawa da ƙarfi. Sai da tsigar jikina ta tashi. Amma fili na wani ne. Bethesda, mai wasan Skyrim, ta saki Creation Kit, kayan aikin haɗa mod, kyauta a 2012 bisa sharaɗin kada a yi kasuwanci da abin da aka haɗa da shi, sai ta hanyar da ita ta amince.

Ɗan Yamai: Yaya, da girmanka, wa ya ci ribar wannan sharaɗin? Skyrim ya fito a 2011, har gobe ana sayensa, kuma masu mod ne suka riƙe shi da rai, su suka toshe ɗaruruwan kurakuran da kamfanin ya bari. Dubi wasan Vampire Bloodlines: ya fito a 2004 cike da matsala, kamfanin Troika da ya yi shi ya rufe a 2005, masoya wasan suka shekara da shekaru suna gyara shi, kuma ana ci gaba da sayar da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Malama: An taɓa gwada abin da kake nema, ɗana. A watan Afrilun 2015 Valve da Bethesda suka buɗe sayar da mod na Skyrim a Steam, kasuwar wasanni ta Valve a intanet. Mai mod kashi 25 cikin 100 yake samu, Valve 30, Bethesda 45. Tun a farko aka cire wani mod na kamun kifi, don an gano ya dogara da aikin motsin jiki da wani mutum daban ya yi kyauta. Mutane suka fara ɗauke ayyukansu daga intanet don gudun kada wani ya kwasa ya sayar. Kwana 4 aka rufe kasuwar, aka mayar wa masu saye kuɗinsu. Auta, ina da tambaya. Yaya aka yi ƙ da ɗ da ɓ suka fito a wasan?

Auta: Da farko ba su fito ba, Malama. Ƴan akwatuna ne ke fitowa a wurinsu, "ƙarfe" ya zama akwati da "arfe". Na yi tambaya a Nexus Mods, dandalin masu mod a intanet, wani da ya sha irin wannan wahala da haruffan harshensu ya nuna mini yadda ake canja rubutun wasan. Kwana 3 yana amsa mini. Fassarar kuma da manhajar xTranslator nake yin ta.

Malama: Nawa ka biya shi? Nawa ka biya wanda ya haɗa xTranslator? Abin da nake nufi ke nan. Gayya aka yi maka. Mutanen da ba su san inda Adar take ba suka shigo gonarka da fartanyarsu. Ba na jin daɗin a ce hatsin farko da ya fito an kai shi kasuwa, ba a ɗiba an ba kowa ba.

Ɗan Yamai: Malama, ko a gayya mai gona yana dama fura. Su waɗannan da ake misali da su suna da albashi, da wutar da ba ta yankewa. Ƴan SureAI na Jamus sun iya ba da mod ɗinsu Enderal kyauta a 2016, masu Fallout: London ma haka a 2024. Nick Pearce da ya yi mod ɗin The Forgotten City lauya ne a Ostireliya a lokacin. Auta fa? Kuɗin karin kumallonsa yake sayen mega da shi. Nexus tana raba wa masu mod wani abu tun 2018, amma tun farko rabon ya bi yawan masu sauke aikin. Hausawa nawa ke buga Skyrim?

Malama: Ka kawo misalin da ke bayana. Mod ɗin Pearce na 2015 kyauta ya ba da shi. Da ya tashi sayarwa sai ya fitar da labarin daga Skyrim, ya mayar da shi zamanin Rumawa, ya gina wasa mai zaman kansa a 2021.

Kawu: Ni ban taɓa buga abin nan naku ba, amma ina karanta ku tun bayan la'asar. Mai ga-ruwa ba shi ya yi ruwa ba, kuma ba wanda ke cewa kuɗinsa haram ne. Turo kura yake sayarwa. Ba yadda za a yi yaron nan ya bar aikin kyauta ga mai iya ɗauka, ya karɓi ladan sa wa wanda bai iya ba?

Mai Sibar: Wannan na yarda da shi, Kawu. Yawancin masu zuwa wurina ba su iya jera mod ba, da sun sa uku wasan ya rufe kansa tun kafin a sauka daga amalanken da ake fara wasan a kai. Auta, injin da ke kusurwa naka ne bayan isha'i, forfe a kaina. Mai son a sa masa ya biya ka ladan hannu.

Ɗan Yamai: Mafita ce, amma ban janye ba. Ladan sawa daban, ladan wata 8 na rubutu daban, kuma na biyun har yanzu ba wanda ya biya shi.

Auta: Na gode, Yaya. Zan kwana a kai, don raina bai gama kwanciya ba. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya yanzu shi ne birnin Whiterun na cikin wasan, zancen can ya ninka na ƙauyen sau da yawa, ni kaɗai ba zan iya ba.

Malama: Turo mini abin da ka gama in duba a ƙarshen mako. Na ga ka kira mai riƙe da Whiterun da suke ce wa Jarl "sarki". In shi sarki ne, me za ka kira wanda ke samansa? Ka gwada "hakimi" mu ji yadda za ta zauna a bakin maƙerin.